Saura wata guda in tafi Malesiya, tsoro ya hana ni barci

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 28 daga Tudun Jukun a Zariya. Na yi digirina na farko a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, yanzu kuma Allah ya ba ni gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Malesiya. Saura wata guda in tafi. Ban taɓa shiga jirgin sama ba, iyakar nisan da na taɓa yi shi ne Ilorin lokacin bautar ƙasa. Tun da biza ta fito barci ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in ga jirgi yana faɗuwa, ko in ga na ɓace a inda za mu sauya jirgi. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, mahaifiyata kuma tana fama da hawan jini. Ga 'yan uwa da abokan arziki sun fara kawo saƙo in kai wa 'ya'yansu da ke can. Kowa murna yake taya ni, na kasa gaya wa kowa cewa har na fara tunanin ɗage tafiyar. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗanka, daga Tudun Jukun.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sanya albarka a karatun nan.

Kada ka ɗage tafiyar nan. Na fara da wannan ne don ka san inda na dosa tun daga farko. Ɗagewa ba za ta kashe tsoron ba. Baɗi zai dawo ya same ka, ya tarar kuɗin jirgi ya hau, wasu takardun sun ƙare aiki, ga kuma nauyin bayanin da za ka yi ta yi wa mutane a kan abin da ya hana ka tafiya. Abin da kake ji ba rauni ba ne, ba kuma ishara ba ce cewa wani abu zai faru. Mutum ne zai bar garin da aka binne cibiyarsa ya nufi inda bai san kowa ba, dole gabansa ya faɗi.

Abin da na lura da shi a wasiƙarka shi ne, jirgin da ya fi hana ka barci shi ne mafi ƙarancin haɗari a duk tafiyar. Maganar saƙon nan kuwa da ka ambata a gurguje, ita ce ta sa na gyara zama. Zan zo kanta, kuma zan daɗe a wurin.

Kai Bazazzagi ne, a ƙarƙashin jirage ka tashi. Tun 1964 kwalejin horas da matuƙa jiragen sama take nan kan hanyar Samaru, kuma duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kwangila da jami'a ya saba ganin ƙananan jiragen nan suna shawagi, suna sauka suna tashi. Na cikinsu ɗalibai ne, sa'anninka da waɗanda ba su kai ka ba, suna maimaita abu ɗaya har ya zame musu jiki. Kafin a damƙa wa ɗayansu babban jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane sai ya yi shekaru yana tara gogewa, kuma ba shi kaɗai zai zauna a gaba ba. Aƙalla su biyu ne, a doguwar tafiya har da masu karɓarsu in sun gaji. Jirgi mai inji biyu kuma an ƙera shi ne yadda ko ɗaya ya mutu zai ci gaba da tafiya da ɗayan har ya sauka. Jiragen fasinja kimanin 100,000 ne ke tashi kowace rana a duniya, amma waɗanda ke rasa rai a haɗarinsu a shekara guda, duniya baki ɗaya, ba su cika wuce 'yan ɗaruruwa ba. A nan gida kuwa, hukumar kiyaye haɗura tana ƙirga sama da mutum 5,000 da ke rasuwa a kan tituna kowace shekara a 'yan shekarun nan. Rai a hannun Allah yake, a sama ko a ƙasa, amma sashen tafiyarka da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne daga Zariya zuwa filin jirgi. Don haka kada ka bar gida ranar tashi. Ko ta Kano za ka bi ko ta Abuja, ka tafi ana gobe, da rana tsaka, ka kwana a can. In Abuja ce, akwai jirgin ƙasa daga tashar Rigasa a Kaduna. Washegari ka isa filin jirgi saura awa uku a tashi.

Na san lissafi ba ya sa mai fargaba barci. Abin da ya fi taimakawa shi ne ka san abin da za ka ji kafin ka ji shi. Za a tura jirgin baya a hankali, ya yi ta tafiya a ƙasa har ya kai bakin titinsa, ya ɗan tsaya. Sai injuna su ɗauki ƙara, wani ƙarfi ya manna bayanka da kujera, gudu ya yi ta ƙaruwa, hancin jirgin ya ɗaga. Bayan 'yan daƙiƙu za ka ji wani gum a ƙarƙashin ƙafarka: tayoyi ne suka shige ma'ajiyarsu. Can bayan minti ɗaya ko biyu ƙarar injin za ta ragu, ka ji kamar jirgin ya saki jiki zai yi ƙasa, cikinka ya ɗan juya. A nan ne hankalin sabon shiga ya fi tashi. Ba faɗuwa ba ce. Matuƙi ne ya rage wuta, domin ƙarfin da ake buƙata wajen barin ƙasa ya fi wanda ake buƙata wajen ci gaba da hawa. Kunnuwanka za su toshe, musamman wajen sauka. Ka haɗiyi yawu, ka yi hamma, ko ka tauna cingam, za su buɗe. A tsakiyar tafiya kuma jirgin zai iya shiga gargada, ya yi ta girgiza, ka ga fiffike yana lanƙwasawa ta taga. Haka aka ƙera shi, don ya lanƙwasa kada ya karye. Kai dai ka bar ɗamararka a ɗaure duk lokacin da kake zaune, domin wanda gargada ke ji wa ciwo galibi wanda bai ɗaura ba ne. In za ka iya zaɓar kujera, ka zaɓi ta daidai fiffike, nan girgiza ta fi sauƙi, kuma ta bakin hanya don ka riƙa miƙewa kana taka ƙafa.

Da ka shiga, ka gaya wa ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin cewa wannan ne hawanka na farko. Ba kai ne farkon wanda ya faɗa musu haka ba, kuma za su riƙa leƙo ka. Ban ɗakin jirgi babu buta, don haka ka riƙe 'yar ƙaramar gora wadda babu komai a ciki, ka cika ta a famfon ciki. In ka danna wurin kora ruwa zai yi wata irin ƙara mai ƙarfi, iska ce ke zuƙewa. Ka yi alwalarka tun a ƙasa. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla da yadda ake yin ta a zaune, ka zauna da malaminka ya warware maka kafin ranar, kada ka bari sai kana sama ka fara wasi-wasi. Addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, aya ta 13 da ta 14, wadda kake yi in ka shiga mota a tashar Kwangila, ita ce dai za ka yi a can.

Babu jirgin da ke tashi daga Najeriya kai tsaye zuwa Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, dole ka yada zango, ko a Doha, ko Addis Ababa, ko Istanbul. Ka tabbata tikiti ɗaya ne ya haɗa tafiyar tun daga nan har can. In haka ne, manyan jakunkunanka za su wuce da kansu, sai a Kuala Lumpur za ka sake ganinsu, kuma in jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi, kamfanin ne zai sa ka a wani. A kantar da za ka ba da kaya galibi za a ba ka katin shiga jirgi guda biyu. Da ka sauka a zango, ka bi alamar da aka rubuta "Transfer", za a sake binciken jakar hannunka, sannan ka nemi manyan allunan da ke nuna jirage. Lambar jirginka za ka duba, ba sunan gari kaɗai ba, a gefenta za ka ga lambar ƙofa. Ka fara zuwa ƙofar ka gan ta da idonka, bayan nan ka nemi masallaci ko abinci. Abu ɗaya da ke rikita mutane shi ne agogo. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da filin jirgin yake ne, kuma garuruwan nan uku duk sun riga Najeriya da awa biyu. Da ka sauka ka gyara agogonka da na bango.

Ɓacewar da kake mafarki ba ta samun mai tambaya. Wanda ke rasa jirgi shi ne wanda kunya ta hana shi buɗe baki, ya yi ta yawo da katinsa a aljihu don kada a ce baƙauye ne. Ka tuna shekarun da ka yi a Samaru. Sau nawa sabon ɗalibi ya tare ka a bakin babbar ƙofa, da jakarsa a ka, daga Gembu ko Kalaba, ya tambaye ka ina ne ofishin rajista? Ka taɓa raina shi? Nuna masa ka yi, wataƙila ma ka raka shi, zuwa yamma ka manta fuskarsa. To haka ma'aikacin filin jirgin Doha zai yi da kai. Ko Turanci ya ƙwace maka don ruɗewa, ka miƙa masa katin kawai, zai nuna maka hanya. Amma mai kayan aiki da katin shaida a wuya za ka tambaya, ba duk wanda ya yi maka murmushi ba.

Kunyar nan dai ita ce ta kawo mu kan saƙo, kuma a nan ina so ka nutsu.

Mu mutane ne da ba mu iya cewa a'a ga babba. Kawu zai zo bayan isha'i, a gaisa, a yi addu'a, sannan ya ciro ƙunshi a baƙar leda an naɗe shi da salatif, ya ce ɗan yaji ne da maganin gargajiya, ka miƙa wa ƙaninka. Tarbiyya za ta ce ka sa hannu biyu ka karɓa. Ni kuma ina ce maka kada ka sa abin da ba ka ga cikinsa ba a jakarka, ko daga hannun wa ya fito. Ba ina zargin kawu ba ne. Mafi yawan masu ba da saƙo zuciyarsu ɗaya. Amma shi ma wataƙila wani ne ya ba shi, wanin ma wani ya ba shi, kai kuma sunanka ne a jikin jakar. Dokar miyagun ƙwayoyi ta Malesiya, wadda aka kafa tun 1952, ta tanadi hukuncin kisa ga mai safara. A 2023 an sassauta, aka bar wa alƙali zaɓi tsakanin kisa da ɗaurin shekaru masu yawa haɗe da bulala. Kuma dokar tana ɗauka cewa ka san abin da ke cikin kayanka. Kai ne za ka tabbatar ba ka sani ba, a ƙasar da ba ka da kowa. "Kawuna ne ya ba ni" ba ta fitar da mutum a can.

Ga abin da za ka ce, kuma gaskiya ce tsantsa: "Kawu, in Allah ya yarda zan kai. Sai dai a filin jirgi za a tambaye ni ko ni na haɗa kayana da hannuna, ba na so in yi ƙarya. Bari mu buɗe tare in sake ƙulla shi." Mai zuciya ɗaya zai ce madalla, ya taya ka kwancewa. Wanda ya ɓata rai don ka ce a buɗe, ka mayar masa da abinsa cikin ladabi. Tufafi, hula, littafi, waɗannan in ka duba su babu laifi. Amma ƙwayar magani, da gari ko saiwar da babu suna a jiki, da gwangwani ko kwalin da aka liƙe, kada ka karɓa ko an buɗe. In abin ya yi maka nauyi, ka sa Hajiya a gaba. Ta sanar a dangi cewa ita ta hana ka ɗaukar saƙo sai wanda aka buɗe a gabanta. Abin da yaro ba zai iya faɗa wa kawunsa ba, uwa za ta faɗa ta zauna lafiya. Ga kuma uzuri na zahiri: nauyin kaya ƙayyadadde ne, galibi kilo 23 kowace jaka gwargwadon abin da tikitinka ya nuna, abin da ya haura kuma kuɗi ne masu yawa.

A filin jirgin ma kada ka saki ido. A ƙarshen 2018 an kama wata ɗaliba 'yar arewacin nan a Saudiyya, ta je Umra, bisa zargin shiga da ƙwayar tramadol. Ta yi wata huɗu a tsare kafin bincike a gida ya nuna cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin da ta tashi suka maƙala sunanta a jakar da ba tata ba, aka sake ta a 2019. Ba na kawo wannan don in ƙara maka fargaba ba, sai don kariyar tana hannunka kuma mai sauƙi ce. Kai da kanka za ka tsaya a kanta, kada ka ba wani fasfonka ya je ya yi maka awon kaya. Ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da za a liƙa maka. In jaka biyu ka bayar, shaida biyu za ka gani, ba uku ba. Ka ɗauki hoton jakunkunan da lambobinsu a waya, ka adana takardun har ka karɓi kayanka a can. Duk wanda ya ce ka riƙe masa jaka zai shiga ban ɗaki, ko ya ce kayansa sun yi nauyi ka ara masa kilo, ka ba shi haƙuri, ko da Hausa ya yi maka magana, ko da furfura a kansa.

Naka guzurin kuma, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji za su yi maka rana. Ka zuba su a leda mai haske, ka rubuta sunan kowanne da Turanci, in an tambaye ka ko kana ɗauke da abinci ka ce e, ka nuna. Kilishi da dambun nama ka bar su, dokokin shiga da nama suna da tsauri. A jakar hannu ba a wucewa da abu mai ruwa da ya haura mililita 100, don haka turare da man shafawa su shiga babbar jaka. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a jakar hannu ake sa shi.

Wani abu da ya haɗa rashin barcinka da dokar can: kada ka je kemis ka sayi ƙwayar barci ko ta kwantar da hankali da kanka, kada kuma ka karɓi ta aboki. Sabon ɗalibi a Malesiya ana yi masa gwajin lafiya a kwanakin farko da isarsa, har da gwajin fitsari na ƙwayoyi, kuma magani mai kodin yana iya fitowa a ciki. In akwai maganin da likita ya ɗora ka a kai, ka tafi da shi a kwalinsa tare da takardar likitan.

Takardu ba su da wuya in an tara su wuri ɗaya: fasfo, biza, takardar gurbin karatu, takardar amincewa da ta zo maka daga can, tikiti, da katin rigakafin cutar shawara, wato yalo kad. Duk su zauna a jakar hannu, kada ɗaya ta shiga babbar jaka. Ka yi kwafi biyu, ɗaya a wurinka, ɗaya a hannun ƙaninka, ka kuma tura hotunansu a imel ɗinka. Akwai fom na shiga ƙasar da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin isa. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar tun yanzu, ka ba su ranar saukarka da lambar jirgi, ka tambaye su wa zai tarbe ka. Adireshin masauki da lambar mai tarbar ka rubuta su a takarda da biro, domin waya tana mutuwa. Ka riƙe 'yan daloli a jikinka, naira ba ta da amfani a can. Ka canza kaɗan zuwa ringgit, kuɗin ƙasar, a filin jirgi, sauran sai ka shiga gari.

Ba zan ɓoye maka ba, mai koren fasfo yakan sha tambaya fiye da wasu, saboda ɓarnar da wasu 'yan ƙasarmu suka yi. Jami'in shige da fice zai iya tsayar da kai ya ce me ka zo yi, wace makaranta, ina za ka zauna, wa ke biya maka. Ka amsa abin da aka tambaye ka kawai, a taƙaice, da gaskiya, ka miƙa takarda. In an ce ka koma gefe ka jira, ka jira, ba kamu ba ne. Abin yana da ciwo, na sani, amma mai cikakkun takardu wucewa yake yi.

Ƙasar da za ka je kuwa, Allah ya yi maka sauƙi. Musulmi ne suka fi yawa, abincin halal ba ya wuyar samu, kuma da wuya ka shiga babban kanti ko tasha ko tsangaya ka rasa ɗakin salla, suna kiransa surau. Mazhabar Shafi'i suke bi, za ka ji liman yana bayyana bisimilla a Fatiha, a asuba kuma a yi ƙunuti bayan ruku'u da hannuwa a ɗage. Ka bi limaminka, kada ka mayar da shi abin muhawara. Babu hunturu a can, zafi ne mai gumi da ruwan sama kusan duk shekara, don haka kada ka kashe kuɗi a kan manyan rigunan sanyi. 'Yar suwaita ɗaya ta isa saboda sanyin jirgi da na ɗakin karatu. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku. Motoci ta hagu suke bi, ka kula wajen tsallaka titi a makon farko. Sun riga mu da awa bakwai, don haka kwanakin farko za ka ji barci da rana, ido ya bushe da dare. Ka riƙa fita cikin hasken rana, jiki zai daidaita. Kuma tun kafin ka tafi, ka koma tsohon sashenku a Samaru. Malamai da dama a can Malesiya suka yi digiri na biyu ko na uku. Ka sami ɗaya ka zauna da shi awa guda, ka roƙe shi ya haɗa ka da wani ɗalibi da ke makarantar yanzu. Sanin cewa akwai wanda ke jiran saukarka zai rage maka rabin abin da kake ji.

Saura Hajiya. Ina zaton a nan asalin abin yake, jirgin nan da kake gani yana faɗuwa fuska ce kawai da tsoron ya ara. Kai ne babba, tun rasuwar mahaifinku kai ake kira in jininta ya hau, kuma zuciyarka tana tambayarka, in wani abu ya faru ba na nan fa? Wannan ba tsoron da ake kawarwa ba ne, ƙauna ce, kuma za ka tafi da ita. Abin da za ka iya shi ne ka bar gida a shirye. Ka kai ta ganin likitanta kafin ka tafi, ka tafi da ƙanin da zai gaje ka a wannan hidima, ya san likitan, ya san sunan kowane magani da lokacin shansa da inda ake sayensa. Ka sayi na'urar awon jini ta gida in babu, ka koya wa mutum biyu amfani da ita. Ka ware kuɗin maganin wata uku ka ajiye a hannun wanda ka yarda da shi. Ka sami maƙwabci mai mota ka yi masa magana baki da baki, cewa in dare ya yi aka buga masa ƙofa ya taimaka. Nauyin da ka saba ɗauka kai kaɗai ka raba shi tun kana nan, ka ga yadda suke riƙewa, ka gyara musu. Ƙannenka ba za su koya ba muddin kana tsaye a kansu.

Ka zauna da ita ka koya mata kiran bidiyo a WhatsApp, ta yi da hannunta har ta iya. Ku tsayar da lokaci: in ka idar da isha'i a can wajen ƙarfe tara, ita tana kan azahar a Zariya, wajen ƙarfe biyu. Kuma ka gaya mata gaskiya cewa gabanka yana faɗuwa. Kana ɓoyewa ne don kada ka tayar mata da hankali, amma uwa ta riga ta gani a idonka da yadda kake barin tuwo a kwano. Shirunka ya fi damunta, domin ba ta san me yake ci maka rai ba. In ka faɗa, za ta sami abin yi, wato addu'a da sa albarka, kai kuma za ka sauke kayan da ka yi makonni kana ɗauke da su kai kaɗai. Bayan ka isa, in zumuɗin farko ya lafa, kewa za ta zo, wata rana har da hawaye. Kowa yana shiga wannan. Kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka je jam'i, ka ci abinci da mutane.

Barcin kuma, ka daina kallon bidiyon haɗarin jirgi a waya, domin da ka kalli ɗaya za a yi ta turo maka irinsa. Ka bar shayi mai kauri da kofi daga la'asar. In ka kwanta zuciya ta fara bugu, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja, ka maimaita har ƙirjin ya lafa. Wannan zai yi maka aiki a kujerar jirgi ma. Abin da ya faɗo maka na shiri, ka tashi ka rubuta shi a takarda ka koma ka kwanta. Amma in ka ga an ƙara mako biyu babu barci, ko abinci ya ƙi shiga, ko numfashi yana sarƙewa da ciwon ƙirji, ka je asibiti ka ga likita, ga asibitin koyarwa na Shika nan kusa da kai. Ka gaya masa tafiya za ka yi da ƙasar da za ka je, don ya san irin maganin da zai ba ka.

A wannan makon ka fara da allurar shawara in ba ka riga ka yi ba. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma Malesiya tana neman sa daga duk wanda ya fito daga Najeriya. Wanda ya isa babu shi ana iya killace shi a filin jirgi. Ka yi ta a ofishin lafiya na tashoshin shiga ƙasa, a yi maka allurar da gaske, kada ka karɓi katin da wani zai kawo maka gida. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.